Guga da Garin Kirfa

"Kada ka zo gobe," in ji Sorana.

Dorin yana zaune a kan katangar bakin teku, rigar walda har yanzu a jikinsa. Yana kallon fukafukan injin iska da aka jere a tashar jiragen ruwa ta Esbjerg a ƙasar Denmark, kowanne ya fi layin gidajen ƙauyensu tsawo. Shi ke haɗa ƙarafunan da ake kafa su a kai. Ita kuwa jami'a take, tana karantar yadda za a sa su ba da wuta sosai. Tsakanin waɗannan ayyuka biyu mahaifinta ya haƙa rami, ya ce ba mai tsallakewa.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji. Gobe za ki cika shekara ashirin da biyar, kuma an ce kada in zo."

Ta kawo maganar iyayenta. "Tata da Mama sun sauka ɗazu. Kwana takwas za su yi. Ka bari in gama jarrabawa ranar Litinin, sannan in zaunar da shi mu yi magana."

"Bara ma haka kika ce."

"Bara ba ni da takardar aiki a hannu."

"Takardar da Asger ya samo miki."

Ta jingine kekenta da ƙarfi har ƙararrawar ta yi ƙara.

"Ni na samo wa kaina! Lissafina suka gani, ba fuskar Asger ba."

Sunan nan ya shekara biyu yana ci masa tuwo a ƙwarya. A jami'ar nan ba a barin ɗalibi ya yi karatu shi kaɗai. Rukuni ake haɗa su, ɗaki ɗaya, bincike ɗaya, ranar jarrabawa kuma a shiga tare a fito tare. Su huɗu ne a rukuninta, amma Dorin suna ɗaya kawai yake ji. Asger ya ce. Asger ya gyara. Asger ya kawo kek. Kamfanin da suka yi wa bincike ya ɗauke su aiki su biyu, ofis ɗaya, daga watan Agusta.

Bai taɓa ganinsa kusa ba. Daga nesa dai ya hango shi sau biyu: dogo, gashi kamar karan alkama, hannu mai laushi wanda bai taɓa ƙuna ba.

"Ina zoben?" ya tambaya.

Ta sa yatsa a wuyan rigarta ta jawo zare. Zoben na lilo a jiki. Shi ya ƙera shi da hannunsa daga guntun farin ƙarfe, ya kwana uku yana gogewa.

"Ka san ba a shiga ɗakin gwaji da zobe a hannu."

"Yanzu a ɗakin gwaji kike?"

Ta mayar da zoben cikin riga. Idanunta suka kawo ruwa.

"Kin ɓoye shi kamar yadda kika ɓoye ni," ya ce. "Ƙarƙashin riga. Abokan karatunki sun san da ni? Dogon nan ya san sunana?"

"Na ce musu ina da wani."

"Wani."

"Sau nawa na ce ka zo cin abincinmu na ranar Juma'a? Ka ce Turancinka na masu walda ne, za su yi maka dariya. Kai ka ɓoye kanka, Dorin, sannan ka zo kana tuhumata!"

Hawayen suka zubo. Ba ta share ba.

"Kuma tunda ka tono, bari in tona. Wa ya bi ni muka cike takardun aure a watan Fabrairu? Wa ya sa hannu? Ofishin magajin gari suka amince, suka ce mu zaɓi rana. Na sayi riga. Wa ya zo mini a daren ƙarshe ya ce ya fasa?"

"Ban fasa ba. Cewa na yi ba zan saci 'yar mutum ba. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Sai mahaifinki, Nea Toader, ya ɗora hannunki a nawa."

"Nea Toader da ya kore ka sau uku!"

Gaskiya ta faɗa. A zuwa na uku ma tsohon bai buɗe ƙofar lambu ba. Daga ciki ya ce: "Shekara talatin na yi ina ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, rana da ƙanƙara, don 'yata ta zama injiniya. Ba don ta wanke rigar mai walda ba." Wata biyu bayan haka ta sami gurbin karatu a Denmark. Dorin ya sayar da babur ɗinsa ya biyo ta.

"Wata huɗu takardar nan take yi ta mutu," in ji Sorana. "Ka san ranar?"

Ya sani. Ya mayar da idonsa kan fukafukan.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta juya masa baya, ta goge hanci da bayan hannu. Da ta buɗe baki sai ga wata murya daban, mai sauƙi, da Turanci. Har da 'yar dariya.

Ba sai an gaya masa wa ya kira ba.

Ta hau keke. "Don Allah, kada ka zo," ta sake cewa.

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

* * *

Da safe gidan ma'aikata ya cika da ƙamshin soyayyen albasa. Su takwas ke zaune a gidan, duk 'yan ƙasarsu ne, duk masu walda. Nea Fane, babbansu, wanda ake sa wa "Nea" kamar kowane dattijo a ƙasarsu, mai furfura da ƙaton ciki, shi ke kan murhu. Matarsa ke sharar gidan ɗalibai, saboda haka ba abin da ke faruwa a can da bai sani ba.

"Ango ya tashi," in ji Nea Fane. "Fuskar nan kamar an kwana ana waldarta."

"Bar ni, Nea Fane."

"Na bar ka. Amma dogon naka bai bar kanti ba jiya. Matata ta gan shi da buhun garin kirfa, da igiya, da guga biyu sababbi."

Dorin ya ɗago. "Na mene ne?"

"Shekara uku a ƙasar nan, ba abin da ka sani sai ƙarfe. Ba ka ganin jan gari a gindin falwaya, a bakin titi?"

"Na ɗauka tsatsa ce."

"Tsatsar gidanku! Al'adarsu ce. Duk wanda ya cika ashirin da biyar ba aure, mace ko namiji, abokai su ɗaure shi a falwaya su bulbule shi da kirfa, gari ya san har yanzu ba wanda ya ɗauka. Kai ma ka shirya. Saura wata huɗu ka cika talatin, kuma na talatin masoro ake ba shi."

Sauran suka kwashe da dariya. Dorin bai yi ba.

"Gugan fa?"

"Ai sai an jiƙa mutum garin ke kamawa."

"Wa zai zuba mata ruwan?"

Nea Fane ya juya albasa. "Wanda ya sayi guga mana."

Cokalin hannun Dorin ya faɗi.

A ƙauyensu, can gefen garin Turda a ƙasarsu, ba a zuba wa budurwa ruwa a banza. Kashegarin Ista samari ke fita gida gida, kowa ya nufi wadda zuciyarsa take so, ya yayyafa mata ruwa a gaban iyayenta. In ta yarda da shi ta ba shi jan ƙwai. Na birni da kwalbar turare suke zuwa. Dorin da guga ya je, ruwan rijiya mai sanyi, shekara bakwai da suka wuce. Ta yi ihu, ta zage shi, ta shiga gida a guje. Sannan ta fito gashinta na ɗiga, ta sa masa jan ƙwai a aljihu ba tare da ta dube shi ba. Daga ranar bai sake kallon wata mace ba.

Yau wani zai ɗaga mata guga. A gaban ubanta.

Nea Fane ya ga fuskarsa, ya kashe murhu.

"Kai, saurara. Nan ba ƙauye ba ne. A wurinsu ruwa ruwa ne, wasa ne kawai. Kakarsu ma in ta cika sharaɗi za su jiƙa ta."

Dorin ya riga ya ɗauki rigarsa.

"Dorin! In ka taɓa yaron nan ka kashe ta. Tare za su shiga jarrabawa jibi. In babu shi, rabin bayanin babu. Ka ji ni ko?"

Ƙofa ce ta amsa masa.

* * *

Tun daga kan kwana ya jiyo hayaniya. Ɗalibai sun fi ashirin a gaban gidan, an soka 'yan tutoci ja da fari a ciyawa. Ya tsaya a bayan rumfar kekuna.

Ga ta nan. An ɗaure ta a falwaya, igiya ta zagaye ta daga ƙirji zuwa gwiwa. An sa mata tabarau na ɗakin gwaji don kare ido. Tana dariya.

A gefe Nea Toader ke tsaye cikin kwat ɗinsa na coci, hula a kai, ƙirji a buɗe kamar mai jiran jirgin shugaban ƙasa. Kusa da shi matarsa, Tanti Veta, riƙe da tukunyar naɗin kabeji da ta yi dakonta tun daga gida. Tsohon bai iya ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Duk da haka tun jiya yake yabon hankalin Asger.

Asger ya fito da guga biyu. Ya ajiye ɗaya. Ya ɗaga ɗaya sama, ya faɗi wani abu, aka yi shewa.

Ya juye mata.

Sorana ta ƙwalla ihu. Irin ihun nan dai. Dorin ya san shi, ya ɗauka nasa ne shi kaɗai.

Ɗalibai suka far mata da garin kirfa, hannu hannu, har iska ta yi ja. Cikin hayaniyar muryar Nea Toader ta fito da harshen gida, da ƙarfi, irin ta mutumin da ya tabbata ba mai fahimtarsa.

"Kin gani, Veta? A gaban ubanta ya zuba. Haka ɗan mutunci ke neman aure. Da na sani da mun zo da jan ƙwai."

Asger ya sunkuya zai ɗauki guga na biyu. Hannu ya riga shi kama mariƙin.

"Sake," in ji Dorin da Turancinsa na wurin aiki.

Asger ya miƙe. Ya fi shi tsawo da kai guda. Ya dubi hannun da ke kan gugan, tabon ƙuna a ko'ina, ya dubi fuskar.

"Kai wane ne?"

"Ita ta sani."

Sorana ta juyo da kai iyakar yadda igiya ta bari. Ta cikin tabarau mai ƙura ta gan shi.

"Dorin," ta ce. "Wayyo Allah."

"Wannan kuma me ya kawo shi?" in ji Nea Toader. "Veta, mai waldar nan ne! Har nan?"

Asger ya saki gugan a hankali. "Kai ne wanin," ya ce. "Na ɗauka ƙirƙirarka ta yi don in ƙyale ta."

"Don ka ƙyale ta?"

"E. Na tambaye ta sau biyu. Ina sonta, ban ɓoye ba." Haka mutanen nan suke, su faɗi magana a miƙe kamar suna karanta awo. "Ta ce tana da wani. Shekara biyu ban ga wanin ba. Ranar da aka yaba bincikenmu bai zo ba. Da ta kwanta ciwo a watan sanyi ni na kai mata miya. Mutumin da ba a gani, ni ban sa shi a lissafi."

Ba duka Dorin ya gane ba, amma abin da ya gane ya isa. Miyar nan bai taɓa jin labarinta ba. A makon da ta yi ciwo yana can cikin teku, aikin kwana goma sha huɗu.

Ya saki gugan. Ruwan ya malale a kan takalman Nea Toader. Hannunsa na dama ya dunƙule ya tashi.

"Litinin!" Sorana ta ƙwalla da harshen gida. "Dorin, Litinin! In ka fasa masa baki, shekara biyuna ka fasa. Buge shi in ka ga dama. Buge shi, ka nuna wa Tata gaskiya ya faɗa a kanka!"

Hannun ya tsaya a sama. Asger bai ja da baya ba, bai kuma ɗaga nasa ba.

A hankali hannun ya sauka.

"Ya zuba miki ruwa," in ji Dorin. "Kika yi masa ihun da kika yi mini."

"Ruwan da sanyi, wawa! Ko jaki ne ya zuba ihu zan yi!"

"A gaban ubanki."

"Bai san me hakan ke nufi a wurinmu ba. Ban taɓa gaya masa ba. Kana jin zan ba wani labarin gugarka?"

"Miyar fa?"

"Miya ce! Ta gwangwani ma!" Kuka ya ƙwace mata. Hawaye ya taru cikin tabarau ya rasa hanyar fita. "Ka san ma me ya sa nake jikin falwayar nan? Ka tambaye su. Wadda ba ta da miji ake ɗaurewa. Da ka zo ofishin magajin gari a watan Maris, da yau ina zaune a kujera ina cin kek kamar mutum. Ba Asger ya ɗaure ni ba, Dorin. Kai ka ɗaure ni. Shi igiya kawai ya saya."

"Wane ofishi?" in ji Nea Toader. "Wane miji? Sorana, da ke nake!"

Ya matso yana taka ruwa. Sai ya tsaya cak. Rigarta ta jiƙe, zaren ya fito waje, zoben na kwance a ƙirjinta, fari fat a cikin jan gari.

"Mene ne wannan?"

"Zobe ne, Tata."

"Na ga zobe ne. Na wa?"

Dorin ya zuba mata ido. Shekara uku yana jiran wannan tambaya, yanzu kuma yana tsoron amsarta.

"Na Dorin ne," ta ce. "Shi ya ƙera. Shekara uku ke nan yana wuyana."

Tanti Veta ta ajiye tukunya a ƙasa ta yi alamar gicciye.

"Kin sani?" tsohon ya juya kanta.

"Ni na ba ta zaren," in ji Tanti Veta.

Fuskar Nea Toader ta yi ja kamar garin da ke ƙasa. Ya nuna Asger da yatsa.

"Ga mutum! Injiniya, ɗan ƙasa, mai gida da gona. Ya zuba miki ruwa a gabana, na gani da idona, na kuma karɓa!"

"Wasa ne, Tata. Kowa ake wa. Watan jiya ƙaton namiji mai gemu suka jiƙa."

"Ƙarya kike!"

"Tambaye shi."

Tsohon ya buɗe baki ya dubi Asger. Asger ya yi masa murmushin ladabi. Ba kalma ɗaya da za ta iya ƙetarawa tsakaninsu. Tsohon ya rufe bakinsa.

Wata ɗaliba ta miƙo wa Asger almakashi, don ta ga wasa ya ƙare. Nea Toader ma ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu.

"Kada wanda ya taɓa igiyar nan," in ji Sorana, da harshen gida, sannan da Turanci. Ta dubi Dorin. "Wanda ya ɗaure shi zai kwance."

"In ya kwance ki," in ji Nea Toader a hankali, "kada ki sake ce mini Tata."

Ɗaliban ba su ji harshen ba, amma sun ji nauyinsa.

Dorin ya dubi tsohon. Hannun nan mai riƙe da wuƙa shi ne hannun da Dorin ya rantse sai ya ɗora masa hannunta. Ya dubi almakashin da ke hannun Asger. In ya tsaya, ɗayansu zai yanka.

Ya zagaya bayan falwaya ya durƙusa.

Ƙullin na masu jirgin ruwa ne, ya sha ruwa ya ƙara tamkewa. Yatsunsa masu kauri suka kasa shiga. Ya ja, ya murɗa, farcensa ya tsage.

"Ka ja ƙaramin bakin," in ji Asger daga sama. "Zai buɗe da kansa."

Ko mutuwa zai yi ba zai ja bakin da Asger ya nuna ba. Ya sa haƙori. Kirfa ta cika masa baki, ta shiga hanci, ta ƙone masa maƙogwaro. Ya yi tari har idonsa ya yi ja, bai saki ba. Ya sake cizawa.

Igiyar ta saki, ta zube a ƙafafunta.

Nea Toader ya naɗe wuƙarsa ya mayar aljihu. Ya gyara hula.

"Veta, mu tafi."

Tanti Veta ba ta ɗauki tukunyar ba. Ta je ta cire wa 'yarta tabarau, ta share mata ido da gefen ɗankwalinta. Ta tsinke zaren da haƙori, ta kama hannun Sorana na dama ta zura zoben.

"Ka yi gaba," ta ce wa mijinta. "Abincin zai huce, yaran nan ba su ci ba."

Tsohon ya juya shi kaɗai. Takalmansa na fitar da ruwa a kowane taku.

Dorin ya miƙe yana tari. Ya miƙa hannu zai riƙe ta. Ta dakatar da shi da tafin hannu a ƙirji.

"Tsaya. Ban gama ba. Jibi zan zauna kusa da Asger awa uku. Daga Agusta kuma ofis ɗaya za mu zauna, kullum, har sai na ga dama na canja. Ba zan bar aikin da na sha wuya a kansa ba don kana kishi. Za ka haɗiye shi yadda ka haɗiye kirfar nan."

Ya waiwaya. Asger na naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, a natse, kamar wanda ya san zai sake buƙatarta. Idonsu ya haɗu. Dogon bai sunkuyar da kai ba.

"Yana sonki," in ji Dorin.

"Na sani."

"Ba zai daina ba."

"Wannan damuwarsa ce. Taka ita ce takarda. Ranar Juma'a za ta mutu. Ban soke ba, na riƙe mana gurbi tun watan jiya ban gaya maka ba. In ba ka zo ba, ba zan sake cike wata ba. Ba da kai ba."

Nea Toader bai yi nisa ba. Yana tafiya a hankali, bayansa a miƙe. Dorin ya kalli bayan nan. Ya tuna ubansa da kakansa, da ƙofar lambun da ba a buɗe ba. Ya tuna kuma miyar gwangwani, da wanda zai kai mata ta biyu in ya sake tafiya teku.

"Juma'a ƙarfe nawa?" ya ce.

"Goma."

Ya ɗaga murya yadda za ta kai bakin titi. "Nea Toader! Juma'a ƙarfe goma, ofishin magajin gari. Ba sata zan yi ba. A gabanka nake faɗa."

Tsohon ya tsaya. Bai juyo ba. Iskar teku ta ɗaga gefen kwat ɗinsa.

"Zan zo," ya ce. "Amma ba albarka zan kawo ba."

Ya ɗaga hannu ya yafito Asger, surukin da har yanzu yake so, da yatsa biyu, kamar yadda yake tsayar da jirgi. Dogon ya dubi Sorana, ya dubi Dorin. Sannan ya ajiye igiyar, ya bi bayan tsohon.